Masar masara ta gagare ni, ga surukata na tafe

Tambaya: Assalamu alaikum, iyayena. Ni amarya ce a Bukoki, nan Yamai. Maigidana ɗan Tawa ne, kuma a gidansu da masa ake karin kumallo. An aiko mana buhun masara, sai ya ce in riƙa yi mana masa da ita tunda shinkafa ta yi tsada. Ta shinkafa na iya ta tun a gidanmu, amma ta masara ta ƙi ni. Garin tuwo nake kwaɓawa da ruwa, in sa yis da sukari da gishiri, in bar shi ya kwana. Da safe sai in tarar ya yi tsami, ruwa ya taso sama. In na zuba a tanda ta kama, in na zo juyawa ta farfashe, wadda ta fita lafiya kuwa bayanta ya ƙone cikinta ɗanye, in ta huce sai tauri. Maigida ba ya cewa komai, turewa kawai yake ya aika a sayo ta bakin hanya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Nan da sati biyu mahaifiyarsa za ta zo mana kwana biyu. Kunya ta ishe ni. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyarmu. Kwantar da hankalinki, hannunki lafiyarsa lau. Wadda ta iya masar shinkafa ta san tanda, ta san wuta, ta san ƙanshin ƙullun da ya tashi, saura kaɗan ke nan. Abin da ya ɓata miki aiki ma abu ne da kin riga kin sani, kika bar shi a baya da kika koma kan gari.

Tuna yadda kike ta shinkafa. Ai ba duka kike jiƙawa ba, kina ware wani kaso ki dafa shi luguf, sannan ki haɗa da jiƙaƙƙiyar a kai markaɗe. Wannan dafaffen kason shi ne ƙashin bayan masa. Masara da shinkafa da hatsi duk ba su da danƙon nan na alkama da ke sa burodi ya riƙe iska. In yis ya yi aikinsa ya fitar da iska cikin ƙullu, sai da abu mai yauƙi da kauri da zai tare ta, in ba haka ba ficewa za ta yi, gari ya kwanta ƙasa, ruwa ya hau sama, yadda kika gani. Ɗanyen garin masara da ruwa kamar gini ne da yashi zalla ba laka. Ita masara ta ma fi shinkafa buƙatar dafaffen kason, don ƙwayarta ta fi tauri, garinta ya fi tsaki, kuma tana jinkirin shan ruwa. Farfashewa da tauri daga nan suke. Tsamin daga kwanan da kike sa ƙullu yi ne da yis a cikin zafin Yamai. Ɗanyen ciki kuwa wuta ce ta yi yawa a kan garin da bai jiƙu ba.

Kafin komai, kwance bakin buhun nan ki zuba tiya guda a faifai ki duba a cikin haske. In kin ga ƙwayoyin da suka yi baƙi ko kore-kore, ko kika ji warin rima, tsince su ki zubar, kada ma ki ba kaji. In ɓarnar ta yi yawa, buhun bai cancanci tukunya ba. Masarar da ta yi funfuna tana iya ɗauke da guba da ake kira aflatoksin, mai cutar da hanta, kuma dahuwa ko suya ba sa kashe ta. Wannan ba abin wasa ba ne, musamman a gidan da ke da yara. In lafiya lau take, ɗora buhun kan katako ko duwatsu, kada ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango.

Hanyar da muka fi so ita ce ta ƙwaya, ba ta gari ba. A surfa masarar, a inji ko a turmi, a bakace dusar, ki wanke sau biyu ko uku har ruwan ya daina fitowa da ɓawo. Auna da kofi guda daga farko har ƙarshe, irin mai cin rubu'in lita. Surfaffiyar masara kofi 4, shinkafa kofi 1. Jiƙa masarar cikin ruwan da ya shanye kanta sosai, ta yi aƙalla awa 12, in ta kai wuni da kwana ma ya fi. Shinkafa awa 4 zuwa 6 kan ishe ta, masara ba haka take ba, kuma nan ne mata da yawa ke yin gaggawa. Lokacin zafi canza ruwan sau ɗaya a tsakani don kada ta fara wari. Gwajin ba wuya: ɗauki ƙwaya ki danna tsakanin farcenki, in ta murƙushe ta jiƙu, in sai kin sa haƙori ta yi ƙaras, mayar da ita ruwa.

Shinkafar kofi ɗayan ki dafa ta da ruwa kofi 3, ba gishiri ba mai, har ta yi laushin tuwo. In ba ki son taɓa shinkafa ko kaɗan, ɗebi kofi guda na tsakin masarar ki dafa a madadinta, sai dai zai ɗauki lokaci da ruwa fiye da haka, kuma masar ba za ta kai waccan taushi ba. Juye a faranti mai faɗi ta huce sarai. Kada ki haɗa ta da zafinta, don zafin da hannunki ba zai jure ba yis ma ba zai jure ba, mutuwa yake yi, ki yi ta jira ƙullu bai motsa ba.

Tsane masarar, ki haɗa da dafaffiyar shinkafar, ki yanka albasa matsakaiciya guda a ciki. Ta Galmi ce dai a hannun kowa, kuma ƙarfinta ya isa, kada ki ƙara ta biyu don tana saki ruwa. A wurin mai inji ki tsaya da kanki, kada ki aiki yaro. Abu uku za ki nema: ya ɗauraye injin in wanda ya riga ki tattasai ya markaɗa, ya rage ruwa, kuma ya maimaita sau biyu. Masu inji na son zuba ruwa don aikin ya yi musu sauri, ke kuwa ƙullun da ya tsinke ba ki da yadda za ki mayar da shi. Tafi da ruwanki mai tsabta a ƴar roba, kofi 2 ya isa farko. In ya fito, murza tsakanin yatsunki. Ɗan gari-gari kaɗan ba laifi, halin masara ne, amma in kina jin tsaki ƙarara, a sake mayarwa.

To, in garin ne a hannunki, ko injin ya yi miki nisa, shi ma yana yi, sai dai ki bi da shi ta wata hanya. Tankaɗe gari kofi 4 da rariya mai laushi. Ɗebi kofi 1 ki dama da ruwan sanyi kaɗan, ki zuba cikin tafasasshen ruwa kofi 3 kina juyawa, kamar dai za ki yi talgen tuwo, ki bar shi ya yi minti 8 zuwa 10 a ƙaramar wuta har ya yi sheƙi, warin ɗanyen gari ya tafi. Sauran kofi 3 ki kwaɓa da ruwan ɗumi kofi 2, ki rufe ki ba shi awa guda ya sha ruwansa. Wannan awar kada ki tsallake ta, ita ce ke tsayawa a madadin jiƙon. In talgen ya huce ki haɗe su, ki murje gudajin da hannu, ki goga albasa a ciki. Rabin kofi na fulawa a nan yana taimakawa sosai wurin riƙo, kuma ba wanda zai ji ta a baki. Ki sunsuni garin tun farko: wanda aka niƙa da dusarsa ya daɗe a ajiye yakan yi ɗaci, don maiƙon da ke cikin ƙwayar yana lalacewa a zafi, kuma ba sukarin da zai ɓoye shi.

Ko ta wace hanya kika biyo, yanzu ki duba kauri. Ɗebo da ludayi ki zubo daga sama: ya sauko a haɗe, a hankali, ya ɗan tsaya a saman sauran kafin ya nutse. In yana zuba shaa, ya yi ruwa. In yana faɗowa gunduwa-gunduwa, ƙara ruwa cokali-cokali. Gara ki bar shi da ɗan kauri, don in ya tashi yana sakewa da kansa.

Sai yis, babban cokali ɗaya a shafe, da sukari babban cokali 2. In kina shakkar yis ɗin, jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗan sukari, in bai yi kumfa cikin minti 10 ba ya mutu, sayo wani. Gishiri ki riƙe shi sai za ki soya, yana rage wa yis ƙarfi. Rufe da faifai ko murfin da bai danne ba, a cikin roba mai girman da ƙullun bai wuce rabinta ba.

Nan ne maganar tsaminki. A Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura digiri 40, wannan adadin yis awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishe shi. A Disamba da Janairu, da sanyin hunturu, yakan kai awa 4 ko 5, har sai kin kai robar rana ko kusa da murhu. Ke kuwa kina ba shi dare guda cur. Ya tashi, ya cinye sukarinsa, ya faɗi, tsami ya biyo baya, shi ya sa da safe ba sauran iska a cikinsa. Kada ki dogara da agogo, dubi ƙullun: ya ƙaru da kamar rabin yawansa, samansa ya yi ƙananan huji, in kin sa ludayi kin ji yana ɗan ƙara a hankali, ƙanshinsa mai daɗi ne da ɗan tsami kaɗan. In kin ga zobe a jikin robar sama da inda ƙullun yake, ya tashi ya koma, kin makara.

Tunda ta karin kumallo ce, dabara biyu ce. In kina da firigo, yi markaɗe da yamma, ki ajiye ƙullun a ciki ba yis, bayan sallar asuba ki fito da shi, ki sa yis da ruwan ɗumi kaɗan, ki ba shi lokacinsa. Sai dai mai sanyi yana jinkiri, ki lissafa da ƙarin rabin awa zuwa awa. In ba firigo, ko wuta ba ta da tabbas, kai markaɗen a makare, ki sa yis ɗan bakin ƙaramin cokali kawai, ki dasa robar cikin baho mai ruwa a wuri mafi sanyi a gidan, gefen randa misali. Zai tashi a hankali cikin dare yadda iyayenmu ke yi tun kafin yis ya shigo kanti, kuma a gaskiya wannan ta fi ɗanɗano. Ɗan tsamin da za ki tarar, kanwa za ta gyara.

Ita kanwa ana jiƙa ta ne tun dare: guntu kamar girman dabino a rabin kofin ruwa, ya kwanta, ki tsiyaye na saman ki bar laka da yashin a ƙasa. Aikinta biyu. Tana kashe tsami, kuma a lokacin da ta haɗu da tsamin tana tayar da sabuwar iska, ƙullu ya yi sako-sako. Wannan iskar ba ta daɗewa, saboda haka raba ƙullun, ki sa wa wanda za ki soya cikin minti 15 zuwa 20 kawai. Ga adadin nan namu gaba ɗaya, babban cokali 2 zuwa 3 na ruwan kanwa ya kan isa, amma kanwa ba ƙarfinta ɗaya ba, don haka ki sa cokali guda, ki juya, ki ɗanɗana. In ƙullun ya fara komawa rawaya sosai, tsaya. Kanwa in ta yi yawa masa takan yi duhu, ta yi ɗanɗanon sabulu, kuma ba gyara sai ƙarin ƙullu. In ƙullun bai yi tsami ba, ba ya buƙatarta, bekin foda ƙaramin cokali 2 ya wadatar. Kada ki cika ma'aunin duka biyun a ƙullu ɗaya.

Yanzu ne za ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Ga kuma abin da masu masar hatsi suka daɗe da sani: garin karkashi, ko na busasshiyar kuɓewa, rabin ƙaramin cokali zuwa cokali guda, a dama da ruwa kaɗan a zuba. Yauƙinsa na ɗaure ƙullun masara, ta juyu a tanda ba ta rabe ba, ta kuma daɗe da taushi. Kada ki wuce haka, in ya yi yawa cikin masar zai yi santsi kamar bai nuna ba. Sai ki buga ƙullun da ludayi minti 2 ko 3, kina ɗagowa daga ƙasa, don masara na son kwanciya. Ko a tsakiyar suya, duk ɗiba ki fara juyawa.

Ba ki faɗa mana irin tandarki ba. Ta ƙasa tana jinkirin ɗaukar zafi amma in ta ɗauka tana riƙewa daidai, ita ta fi dacewa da masara. Ta alminiyo, irin wadda maƙera ke zubawa a kasuwar Katako, tana zafi da wuri, tana hucewa da wuri, ita ke saurin ƙona baya ta bar ciki. In sabuwa ce, ko kin saba dirje ta da soson ƙarfe da omo, dalilin kamawar ke nan. Shafe ramukan da man gyaɗa, ki ɗora a ƙaramar wuta, ki soya yankakkiyar albasa a kowane rami har ta yi baƙi, ki kwashe, ki goge da tsumma, ki maimaita sau biyu. Daga nan in kin gama aiki gogewa kawai za ki yi da tsumma mai mai. Baƙin nan da ke taruwa a ramin tanda ba datti ba ne, shi ke sa masa ta saki.

Wuta matsakaiciya. In gawayi ne, bari ya ruru ya yi farin toka a sama, ki baza shi ko'ina ƙarƙashin tanda, kada ki tara a tsakiya. In gaz ne, wutar na taruwa wuri guda, sai ki riƙa juya tandar kina kai ramukan gefe kan harshen wuta. Zuba mai rabin ƙaramin cokali zuwa cokali a kowane rami, ki jira ya yi zafi. Ɗiga ƙullu kaɗan: in ya yi cuu a hankali ya fara kumfa a gefe, daidai ne. In mai na hayaƙi, sauke ki jira. Masa a mai mai sanyi kamawa take yi ta sha mai, a mai mai hayaƙi kuwa ƙonewa.

Kada ki cika rami, bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ta samu wurin tashi. Ki dubi samanta. Gefen zai fara bushewa ya yi ja, huji su fito, tsakiya ta rage sheƙi. Wannan yakan ɗauki minti 2 zuwa 3, kuma masara ta fi shinkafa son haƙuri a nan. Kifa murfin tukunya a kan tandar na minti guda, tururin zai dafa cikin. Sannan ki zura bakin cokali ta gefe. In ta saki da kanta, juya. In ta riƙe, ba ta shirya ba, kada ki tilasta mata, yawancin farfashewa a nan ake yin ta. Ɗiga mai kaɗan a ramin, ki ba ɗaya gefen minti 2. Fasa ta farko ki duba: ciki ya zama huji-huji, ba ya manne wa yatsa. In bayan ya yi duhu tun cikin bai nuna ba, ko wuta ce ko sukari ne ya yi yawa, don sukari na saurin ƙonewa. Mai son zaƙi a barbaɗa masa a sama bayan an kwashe, ko a zuba zuma. Wannan ma'aunin zai ba ki masa wajen 40, gwargwadon girman ramukanki, wadda za ta ishi gida da miyar taushe ko da yajin ƙuli-ƙuli.

Game da maigida, shirunsa ba lalle raini ba ne. Maza da yawa na ganin in sun yi magana za su ɓata wa amarya rai, ba su san turewar ta fi maganar zafi ba. Faɗa masa a fili, cikin natsuwa, cewa kina koyon ta masara, kina so ya ci ya gaya miki abin da ya ji ya bambanta da ta gidansu. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kada ki jira sai baƙuwa ta sauka. Yi rabin ma'aunin nan sau biyu ko uku cikin satin nan, kowane karo ki gyara abu ɗaya kawai, don ki gane wanne ne ya yi aiki.

In Inna ta iso, kada ki ɓoye mata. Kai mata robar ƙullun ki durƙusa ki ce, "Inna, duba mini kaurin nan, kuma kanwar ta isa?" Matar da ta shekara da shekaru tana yi wa gidanta masa, da ludayi ɗaya za ta gane abin da ya rage, kuma zai yi wuya ta ji haushin surukar da ta nemi saninta. Mai yiwuwa ma ta hatsi suka saba da ita a Tawa, tunda ƙasar hatsi ce. In haka ne ki tambaye ta yadda take haɗa tata, domin rabin masara rabin hatsi ma ana yi, jiƙo da dafaffen kason duk ɗaya ne.

Taurin da take yi in ta huce ba zai tafi gaba ɗaya ba, halin masara ne, ko tuwonta haka yake. Shimfiɗa tsumma mai tsabta a kula, ki jera masar, ki lulluɓe, tsumman zai tsotse gumin ya bar ta da taushi har hantsi. Kada ki ɗaure ta a leda da zafinta, jiƙewa za ta yi ta yi saurin lalacewa. Wadda ta kwana ki turara ta minti 5 a madambaci maimakon ki mayar da ita mai. Ƙullun da ya rage, in ba ki sa masa kanwa ba, zai kwana ɗaya a firigo. Da safe ki bar shi ya saki sanyi, ki ɗanɗana tsaminsa, sannan ki auna kanwar da zai ci.